Kara Ta Kulle Gawar Metro A Shataletale

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce an danna hon a tsakiyar garin Korvin. Waɗanda suka jiyo ƙarar daga gonakinsu suka ɗauka jirgin ƙasa ne ya dawo mana, to su kwantar da hankalinsu, ba shi ba ne, motata ce. Ni ne a bayan sitiyari, wannan ban musa ba, amma hannun da ya danna ba nawa ba ne. Tun daga ranar in na shiga kanti sai a riƙa gaishe ni ƙasa-ƙasa kamar wanda aka sallamo daga gidan yari, matata Verna kuma ta ce in ban fito na yi bayani a jarida ba, ita da zuwa ƙungiyar masu ɗinkin bargo sai dai a lahira. To ga bayanin, kowa ya ji da kunnensa.

Dole in fara da gode wa Mai Girma Shugaban Gari da 'yan majalisarsa, Allah Ya ƙara musu basira, domin ba don su ba da ban samu abin rubutawa ba. Kafin su waiwaye mu da alherinsu, abin da muke da shi a tsakiyar gari mararraba ce mai hanya huɗu, kowace hanya da jan allonta na tsayawa. Doka ta ce wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa. Mu kuwa a nan wanda ya riga isowa shi ke fara ɗaga hannu ya ce wa ɗan'uwansa bismilla. Wancan ya girgiza kai, a'a, kai dai. Wannan ya sake miƙa hannu. Haka za a yi ta yi har sai wani ya ga abin ya yi yawa, ya lallaɓa ya wuce yana ba da haƙuri ta gilashi kamar ya taka wa mutum ƙafa. Tun ina yaro ban taɓa jin an yi karo a wurin ba. An dai sha makara coci.

Kwatsam Mai Girma ya tafi wani taro a Toronto, ya dawo mana da tsaraba, wani ƙwararre mai siririn takalmi. Bawan Allah ya tsaya a mararraba da safe, ya ga motoci huɗu kowace tana jiran 'yar'uwarta, ya kama baki. Ya ce wannan ai cunkoso ne, kuma gari mai son ci gaba ba ya zama da cunkoso. Aka tuge allunanmu, aka yi ta haƙa har lokacin zafi ya ƙare, aka gina mana shataletale, aka kafa damin alkama na ƙarfe a tsakiyarta, wanda Verna ta rantse tsintsiya ce aka soke kai sama. Aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka ɗauki hoto. Hanyar maƙabarta kuwa, wadda tun zamanin kakana ake roƙon a riƙa share mata dusar ƙanƙara da hunturu, aka ce a yi haƙuri, aljihun gari ba zai ɗauka ba.

Ranka ya daɗe, da ka tambaye mu da mun gaya maka. Mu mutanen lardin Saskatchewan ba mu san lanƙwasa ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, hanyoyinmu a miƙe samɓal, in matarka ta yi yaji da hantsi har azahar kana hango bayan motarta. Akwai dattawa a garin nan da sitiyarinsu bai taɓa juyawa ya kai rabi ba. Sigina ma ba ma sawa, don kowa ya san inda kowa za shi. In ka kunna ta hagu ranar da aka saba ganin ka yi dama, kafin ka isa gida labari ya riga ka. Abin da muka iya shi ne ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari mu gaida duk motar da ta zo wucewa, mun san mai ita ko ba mu san shi ba. Irin waɗannan mutanen ne aka ce su shiga da'ira kowa ya ƙwaci hanyarsa da kansa. Tun da aka buɗe ta rabin gari ta bayan babban rumbun hatsi suke zagayawa.

Ana cikin haka maƙwabcina Metro Hrycak ya rasu, Allah Ya ji ƙansa. Shinge ɗaya ya raba mu shekara da shekaru. Mutum ne da in ya ga motarka a rami ba ya tambayar yadda aka yi, sarƙa kawai yake ɗaukowa. Ya bar matarsa Nettie, wadda duk gari ke kira Inna Nettie, 'yar ƙaramar tsohuwa da sai ka sunkuyo kake jin maganarta. Ni dai ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko ga kare.

Ranar jana'iza da safe na je ɗaukarta, don ta ce a motata za ta bi gawar, tuƙin 'ya'yanta jiri yake sa ta. Na same ta a shirye, tana tsaye a taga tana kallon yamma. Gajimare ya haɗo baƙi ƙirin, rediyo kuma tun jiya yake faɗin guguwar ƙanƙara tana tafe.

"Lorne, ɗana, ka ga abin da nake gani?"

"Na gani, Inna. Za mu riga ta, in Allah Ya yarda."

"Mai haƙa kabari ya ce da zarar ƙanƙara ta rufe hanyar zai sa wa ƙofa kwaɗo. Sai su mayar da Metro ɗakin sanyi har watan Mayu." Ta gyara ɗankwalinta. "Likita ya gaya mini abin da ke ƙirjina, yaran ba su sani ba tukuna. Ni ba zan ga Mayu ba. So nake in zuba masa ƙasa da hannuna, in san inda na bar shi, in san inda za a kawo ni."

Wallahi sai da na juya na yi kamar ina neman makullin mota, alhali yana hannuna. Na ce mata ko a kafaɗa ne za mu kai shi yau.

A filin coci kuwa sai ka ce taron ƙasa ake yi. 'Ya'yan Metro da jikokinsa sun watsu ko'ina, kamar yadda 'ya'yanmu duka suke watsewa, kuma ba sai ka duba lambar mota ba za ka san daga inda kowa ya fito. Babban ɗansa Taras, wanda ya daɗe a Toronto har ya fara zaton rana daga unguwarsu take fitowa, ya shigo filin da babu kowa a guje ya ƙwace wurin ajiye mota kamar akwai mai takara da shi. Mijin 'yar Metro, Réjean, mutumin Montreal, ya jefar da tasa a karkace, rabi kan ciyawa, rabi a wurin da aka keɓe wa limamin coci.

"Réjean," na ce, "wai a garinku jar wuta umarni ce ko shawara?"

"Shawara ce mai kyau, Lorne, muna sauraronta in muna da lokaci. Ku fa? An ce a nan mutum yakan ta da mota a Regina, ya kwanta barci, ya farka a ƙofar gida."

"Da dai mu farka a cikin ramin titinku gara hakan."

Taras ya tsoma baki. "Ku duka ba ku iya tuƙi ba. Ku zo Toronto ku ga tuƙi."

"Au, tuƙi kuke yi a can?" in ji Réjean. "Na ɗauka ajiye motoci kuke yi a kan babbar hanya kuna zagin juna."

Haka muke a ƙasar nan, abokan wasan juna ne daga wannan teku zuwa wancan. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da ba mu da tudu ko na magani, daga ƙofar gida muke hango na kowa. Jikar da ta zo daga Vancouver tana ta ɗaga kai sama tana tambaya ko da gaske ne ƙanƙarar za ta sauka yau, don su a can in ta zuba kamar gishirin miya sai motoci su kwanta a gefen titi, gari ya tsaya. Jikan da ke aikin mai a Alberta ya zo da wata a-kori-kura da sai da tsani za ka hau ta, bayanta fes, ko buhu ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba. Wannan in yana bin ka a hanya, haƙoran motarsa kaɗai kake gani a madubi.

Mai jan motar gawa kuwa Cyril ne, mutumin Newfoundland da aure ya kawo shi nan. A ladabin hanya mu ɗalibai ne a gabansu. Su a can in mutum ya tsaya a bakin titi yana tunanin rayuwarsa kawai, sai motoci su ci birki su jira ko zai so tsallakawa. Da idona na ga Cyril ya tsaya wa wata saniya har ta gama shawara.

Aka gama addu'a aka fito. Kun san yadda muke rakiyar gawa. Motar gawa a gaba, kowa ya kunna fitila ya bi a jere, ba mai wuce wani, ba mai ficewa daga layi, ba kuma mai ratsa layin ko motar wane ce. Wanda ya ci karo da mu a hanya ya tsaya cak inda yake, ya cire hula, ba ya motsi sai motar ƙarshe ta wuce. Wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba, shi ya sa ƙwararre bai gan shi ba. Ni ne na biyu a layi, Inna Nettie tana gefena da jakarta a cinya, Verna a baya. Bayanmu kusan duk garin ne, don da wuya ka samu wanda Metro bai taɓa ja daga rami ba.

Coci yana kudu, maƙabarta tana yamma. Da can hagu kawai za ka karya ka miƙe. Yanzu sai ka shiga shataletale, ka wuce hanyar gabas, ka wuce ta arewa, sannan ka fita ta yamma. Cyril ya shiga a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, muka bi shi. Ya wuce gabas, ya wuce arewa. Muna isowa bakin hanyar yamma sai ga wani manominmu, Abram Unrau, da injin girbinsa, yana gaggawar kai shi rumfa kafin guguwa. Injin nan faɗinsa ya kai ɗaki, bakin hanyar kuma an matse shi da siminti don ya yi kyau a hoto. Abram yana hango motar gawa ya taka birki, ya kashe inji, ya cire hula ya ɗora a ƙirji, ya sunkuyar da kai. Ya toshe hanyar maƙabarta ruf, cikin girmamawa.

Cyril ba mutumin da zai katse wa wani addu'a ba ne. Ya ce a ransa bari ya ƙara zagayawa sau ɗaya, kafin ya dawo Abram ya gama. Ya ci gaba, ni ma na bi shi. Sai ya iso bakin hanyar coci inda muka shigo, ya tarar da jerin motoci masu kunnannun fitilu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Rakiyar gawa ce. To me kuke tsammanin ɗan Newfoundland zai yi? Ya tsaya. Ya tsaya wa rakiyar gawar da ke kwance a bayan motarsa.

Kafin ka ce kwabo shataletale ta cika maƙil, maciji ya ciji wutsiyarsa. A gaban Cyril akwai ɗaya daga cikin masu bin sa, wancan yana jiran na gabansa, na gaban yana jiran nasa, har abin ya zagayo kaina, ni kuma ina jiran Cyril. Ɗan wurin da ya rage mota ɗaya zai ɗauka. Wata malamar makaranta da motarta ke bakin shigowa tana miƙa wa Cyril hannu ya shige, don ita ba za ta shiga gaban gawa ba, shi kuma yana miƙa mata hannu, don shi ba zai ratsa layi ba. Hanyar gabas a buɗe, ta arewa a buɗe, ko kaza babu a kansu. Da 'yan motoci sun fita ta nan da an samu sarari. Amma wa zai yarda ya zama mutumin da ya fice daga rakiyar Metro Hrycak a gaban matarsa, ido na ganin ido? Abram kuma yana nan kai a sunkuye, yana jiran motar ƙarshe ta wuce.

Muka zauna. Kowa yana yi wa kowa murmushin ta'aziyya ta gilashi. Na hango Taras a madubi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuskarsa ta yi ja, amma ƙasar haihuwa ta kama shi, ya kasa yin abin da yake yi kullum a garin mutane. Réjean kuwa matarsa ce ta danne masa hannu kada ya kai kan hon. Jikan Alberta ya manne a bayan motar da ke gabansa, ko da yake ba tafiya ake yi ba.

Verna ta leƙo daga baya. "Lorne, ka sauka ka yi wa Abram magana mana."

"Addu'a yake yi, Verna."

"To ka jira ya ce amin."

"Ba zai ce amin ba sai mun wuce."

"To Cyril fa?"

"Haba, Verna! In sauka daga mota a tsakiyar rakiya? Me mutane za su ce?"

Kun ji ni fa, ni da na yi alkawarin kafaɗa da safe. Kunya ta ɗaure ni a kujera tamau, kuma na san duk wanda ke cikin da'irar nan irin igiyar ce a jikinsa. An ce haƙuri maganin zaman duniya, amma ranar nan na ga yadda magani yake yin yawa ya kwantar da gari.

Sai ƙwayar ƙanƙara ta farko ta sauka a gilashin gaba, ta narke. Ta biyu ba ta narke ba. Iska ta fara kaɗa motar, can wajen yamma bishiyoyin maƙabarta suka fara dushewa. Inna Nettie tana ta kallon wurin, tana murza hannun jakarta. Na kunna abin share gilashi don in samu abin yi.

"Lorne."

"Na'am, Inna."

"Motar nan tana da hon?"

"Da shi aka sayar mini da ita, Inna, amma ni ban taɓa..."

"Ina yake?"

Na nuna mata tsakiyar sitiyari da haɓa. Ta ajiye jaka a ƙasa, ta cire safar hannu ta ninke, ta miƙo hannu biyu ta ɗora, ta kwanta a kai da duk ɗan nauyin da Allah Ya ba ta.

Jama'a, ashe motata tana da murya! Tantabaru suka tashi daga rufin rumbun hatsi. Hular Abram ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Cyril ya gaya mini daga baya cewa shi bayan motarsa ya fara waiwaya, don a zatonsa Metro ne ya gaji. Inna ba ta saki ba sai da kowane kai a da'irar ya juyo. Sannan ta sauke gilashi, ta fitar da kanta cikin iska, wata murya ta fito daga ƙirjin nan da ban san tana ciki ba.

"Abram Unrau! Na goya ka kana jariri, ka sha tsula mini fitsari a cinya! Addu'arka ta karɓu, Allah Ya ji! Ja tarkacen nan baya, mijina zai wuce!"

Ƙofar mota ta buɗe a bayanmu, sai ga Réjean ya diro yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir.

"Yauwa! Sai yau na ji an yi yarenmu a garin nan!"

Ya ruga tsakiyar da'ira ya haye gindin damin alkama, rigarsa tana tashi a iska, yana wurgi da hannuwa yana zuba ashar da Faransanci, wanda Allah Ya taimake mu ba mai ji. "Kai, fita ta gabas! Ban tambaye ka ra'ayinka ba! Ke, arewa! Kada ki ba ni haƙuri, baiwar Allah, tafi kawai!" Mutanenmu kuwa ashe abin da suke jira ke nan, wani baƙo mara kunya ya zo ya ɗauke musu laifin. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ficewa, kowa yana nuna Réjean da yatsa don Inna ta ga ba da son ransa ba ne.

Taras ma jininsa ya motsa. Ya haye siminti ya gindaya motarsa a bakin hanyar coci, ya tare masu shigowa ba tare da ya kalli fuskar kowa ba, abin da sai wanda ya sha ruwan Toronto zai iya. Abram cikin ruɗewa ya ja baya, ƙafar injinsa ta baya ta zurma gefen hanya, ya maƙale rabi a ciki rabi a waje. Nan fa ranar a-kori-kurar Alberta ta zo. Ya ratsa ta kan ciyawa ya zagaya bayan injin, amma da aka ce ya kawo sarƙa sai ya hau sosa ƙeya, motar ba ta taɓa aiki ba balle ta san sarƙa. Daga bayan motata aka ɗauko, ta Metro ce da na ara ban mayar ba. Aka ɗaura, ya taka, hayaƙi ya turnuƙe, injin ya fito ya koma gefe.

Réjean ya daki bayan motar gawa da tafin hannu. "Taka, Cyril! Fasinjanka ba zai yi ƙorafi ba!"

Cyril ya zagaya ya fita ta yamma, ya yi gudun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, har ya kusa kai iyakar da doka ta yarda.

Mun tarar da mai haƙa kabari a bakin ƙofa da kwaɗo a hannu, hanyar ta riga ta yi fari. Limami ya taƙaita addu'a, haƙoransa suna haɗuwa. Da aka saukar da akwatin, Inna Nettie ta ƙi a riƙe ta. Ta sunkuya ta ɗebi ƙasa da hannunta ba safa, ƙasar ta fara daskarewa, ta murmushe ta da yatsu ta zuba. Ina kusa da ita na ji abin da ta ce.

"Metro, wurin nan na gefenka nawa ne. Na san halinka. Kada wani ya zo ka ce masa bismilla."

Na yi dariya hawaye suna zuba, ban ji kunyar kowa ba. Taras ya daɗe yana kallon uwarsa, sannan ya kalle ni, ni kuma na kalli takalmina. A daren nan ta gaya wa 'ya'yanta maganar likita da bakinta, shi ya sa na iya rubuta ta a nan. Muka fito a kan sawun motar Alberta, don hanyar ta ɓace. Motar ƙarshe tana fita aka sa kwaɗon.

A ɗakin taron coci mata sun jera pirogi, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, da burodi mai ƙwai da gahawar nan tamu da kake hango ƙasan kofi ta cikinta. Inna Nettie ta tsaya a bakin ƙofa tana ba kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya kan hayaniyar da ta yi. Da layi ya zo kan Abram sai suka kama hannun juna, tana ba shi haƙuri yana ba ta, har sai da Verna ta raba su. Réjean ba wanda ya ce masa na gode a fili, ba ma son mu ƙarfafa masa guiwa, amma farantinsa bai zauna wayam ba har aka tashi.

Daidai lokacin abinci Mai Girma ya iso, kuma an ga ta bayan rumbun hatsi ya biyo. Ya yi ta'aziyya mai ratsa zuciya, sannan ya ja ni gefe.

"Lorne, na ji an ɗan samu tsaiko. Amma ka lura ko mota ɗaya ba ta ƙwarzane ba? Ai shataletalen ta nuna kanta."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Motar da ba ta motsi da wuya ta yi haɗari."

"Ka gani! Kai mai fahimta ne. Za mu kafa kwamiti."

"Na hanyar maƙabarta?"

"Na wayar da kan direbobi."

Allah Ya ja zamaninka. Mu dai kanmu a waye yake daidai gwargwado, abin da muke nema a share mana hanyar da kowannenmu zai bi wata rana, har da mai kafa kwamiti. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tsohuwa mai ciwo a ƙirji ba ta cancanci sai ta yi ihu a tsakiyar gari kafin ta binne mijinta ba, kuma daga yanzu har Mayu duk wanda ya mutu a Korvin sai ya yi layi a ɗakin sanyi yana jiran narkewar ƙanƙara. Wannan cunkoson ba a kawo mana ƙwararrensa ba.

Da la'asar guguwar ta ɗan lafa, na ɗauki Inna zan mayar da ita gida. A bakin filin coci motoci sun taru kowa yana son fita, ni ne a gaba, sauran suka tsaya suna miƙo mana hannu mu wuce. Na sa giya, har na fara sakin birki, sai ta dafa hannuna. Muryarta ta koma irin ta da, sai da na sunkuya.

"Bar su su wuce, ɗana. Duka. Yanzu ba inda nake sauri."

Na mayar da birki, na sauke gilashi, na riƙa miƙa musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Ta jingina kanta da kujera tana kallon fitilunsu suna wucewa cikin ƙanƙara. Kowa ya ɗaga mata yatsa daga kan sitiyari, har da Taras, ban da jikan Alberta, wanda motarsa ta yi tsawon da ko ya ɗaga ba za mu gani ba.